Yadda Na Je Japan Juya Akalar Haske

Tun ranar da na sauke akwati a Kazaure ban huta da tambaya ba. A wurin aiki a tare ni, a gidan suna a tare ni, har mai kayan miyan bakin layinmu sai da ya riƙe mini tumatir ya ce ba zai saki ba sai na gaya masa ko da gaske mutanen Japan ɗanyen kifi suke ci. Na maimaita labarin har na fara kama kaina ina ƙara masa gishiri. Shi ya sa wata ƙawata ta ce in zauna in rubuta shi sau ɗaya, duk wanda ya tambaya in miƙa masa. To ga shi nan yadda ya faru, abin da na manta kuma a yafe ni.

Sunana Sa'adatu. A Gwiwa aka haife ni, aure da aiki suka kawo ni Kazaure, inda nake koyar da ilimin lantarki, ina kuma karatun digiri na uku a Kano. Abin da nake bincike a kansa ya fi komai wuyar bayani, don haka bari in faɗe shi yadda na faɗa wa surukata, Hajiya Gambo, ranar da muka je Babura yi mata sallama.

Bayan mun gaisa ta ce, "Yanzu ke Sa'a, me ya rage a karatun nan da sai kin bar yara kin tafi bangon duniya?"

Na ce, "Hajiya, in kika kira Yaya Sani a Legas, muryarki tana shiga wani zaren gilashi da aka binne a ƙasa, sirantarsa kamar gashi, ta zama haske ta ruga. Amma duk inda hanya ta rabu, sai hasken ya tsaya a mayar da shi lantarki, a duba inda za shi, sannan a sake mayar da shi haske. Kamar mai zuwa Babura daga Gwiwa ne, dole ya sauka a tashar Kazaure, a sauke masa kaya, ya zauna jiran wata mota ta cika."

Ta ce, "Wannan wahalar kam na san ta."

Na ce, "To mu so muke hasken ya sha kwana da kansa bai sauka ba. Akwai wani dutse garai-garai kamar gilashi, in haske ya ratsa shi ga maganaɗisu a kusa, sai hasken ya murɗe. In aka juya maganaɗisun, sai ya murɗe ta ɗaya ɓangaren. Da wannan murɗewar ake tura shi ƙofar dama ko ta hagu. Ni na zana wani ɗan naɗin waya da zai riƙa yin wannan juyin da sauri. Sai dai a kwamfuta kaɗai na gan shi yana aiki, don dutsen da injinan gwajin babu su a nan."

Hajiya ta ce, "Wato 'yan kamasho za ki raba da abincinsu."

Maigidana Nasiru ya yi dariya har ya ƙware. Ta kuma tambaya ko Japan ɗin ce ƙasar da ake ƙera babura. Na ce ita ce. Ta ce to in gaya musu surukata a Babura take, su san suna da dangi a nan. Daga nan ta shiga ɗaki ta fito da tsaraba: kilishi tuli guda, kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, da sabuwar buta.

Abin da ban gaya mata ba shi ne, shekarun da na kwashe a kan zanen nan duk a wuyan tafiyar suke rataye. Malamina na Kano ya faɗa mini ƙiri-ƙiri ba zai bari in kare digiri da hoton kwamfuta ba, sai an ga abu ya yi aiki a zahiri. Ana haka wani farfesa a Japan ya karanta rubutuna, ya gayyace ni ɗakin bincikensa na 'yan watanni. In abin ya yi, na gama. In bai yi ba, in dawo a sake lale.

Ƙanwata ta zo daga Roni ta karɓi yara, Nasiru ya ɗauke ni zuwa filin jirgi na Kano. Tun daga Kazaure yake mini nasiha, ni kuwa ko kalma ban riƙe ba, murmushi kawai nake yi wa bishiyoyin hanya. Wannan ne hawana jirgi na farko, kuma ban ɓoye ba. Da ya tashi na riƙe hannun matar da ke kusa da ni, wata 'yar kasuwa mai zuwa sarin kaya, ta ce, "Riƙe da kyau 'yar uwa, ni ma haka na fara." A Addis Ababa muka canza jirgi, daga nan muka miƙa gabas, tafiyar da ta ƙi ƙarewa. Lokutan sallah ne suka fara rikita ni. Da yake rana muke tara, dare bai daɗe ba sai na ga gari ya waye ta taga, na rasa wace sallah na yi, wacce ta rage.

A filin jirgin Tokyo na gamu da ma'aikacin gwamnati na farko, wato wani ɗan ƙaramin kare mai dogayen kunnuwa, sanye da riga. Ya bi akwatunan mutane yana shinshinawa, da ya zo nawa sai ya zauna daram ya ɗago kai yana kallona. Na tattare hijabina kada ya taɓa ni. Mai riƙe da shi ya rusuna, ya roƙe ni da ladabi in buɗe. Da kilishin Hajiya ya bayyana sai ya sake rusunawa, ya ce ba a shiga ƙasarsu da nama kowane iri. Na ce wannan ai ya bushe, ya daina zama nama. Ya ce a yi haƙuri. Na ce to ya ɗanɗana ko yanki ɗaya kada a yi asara duka. Ya ce a yi haƙuri. Ban taɓa ganin an ƙwace wa mutum abu da irin wannan tarbiyya ba, har na kama kaina ina masa godiya.

Da ya kwance ƙullin daddawa na ce shi ke nan, yau za a mayar da ni gida. Ya kai hanci, sai na ga fuskarsa ta saki. Ya kira abokin aikinsa shi ma ya shinshina, suka ce "natto" suna gyaɗa kai. Ashe su ma suna da tasu daddawar ta waken soya, da safe ma suke cin ta. Suka ɗaure mini kayana suka rusuna. Kilishi dai ya tafi, kuka da daddawa da kuɓewa suka shiga ƙasa da mutuncinsu.

Garin da jami'ar take ƙarami ne, a bakin teku, sai an hau jirgin ƙasa daga Tokyo. Jirgin ya iso daidai lokacin da aka rubuta, ya buɗe ƙofa, ya rufe, ya tashi da kujeru fiye da rabi babu kowa. Sai da na ji tausayin direban. Na shiga na yi sallama kamar yadda aka saba, ba wanda ya ɗago. Ba mai waya, ba mai hira, ba mai sayar da maganin basir. A motar Kazaure zuwa Roni kafin a isa ka san wanda ya sayar da gonarsa da wadda ta haihu da farashin gero a kasuwanni uku. A nan kuwa atishawa na yi, na ji kamar na fasa taro.

Wadda ta tarye ni a tasha wata ɗalibar farfesan ce, Yumi, 'yar siririya mai yawan dariya tana rufe baki. Da Turanci muke magana, nata da ɗan tsalle, nawa da ɗan Hausa, muka fahimci juna sarai. Tun a hanya ta fara koya mini gaisuwa, ni kuma na riƙa ɗaure kowace da abin da na sani. Gaisuwar safe ta yi mini kama da "a hayo", ta rana "ƙone ciyawa", godiya kuwa "ari gado". Da haka na yi wata guda ina ƙona ciyawa ina aron gado, kuma kowa yana amsawa da fara'a.

Masaukina ɗaki ne a gidan wata tsohuwa da mijinta ya rasu. Yumi ta ce sunanta Sato. Na ce a raina, Allah ya taimake ki ba a Kazaure kike ba, da wannan sunan ba mai ba ki ajiya. Amma ban taɓa zama da mai amana irinta ba, ko allura na yar sai na tarar da ita a kan tebur an ɗora ta a kan 'yar takarda. A bakin ƙofa aka ce in cire takalmi, na ce wannan ai gida ne. Da ta buɗe ɗakin sai na ga babu gado, tabarma ce shimfiɗe bango zuwa bango, ga katifa a naɗe a kabad. Na zauna na yi ta dariya ni kaɗai. Na baro gadona na aure na tsallaka duniya don in kwana a tabarma kamar kakata a Gwiwa.

Banɗaki kuwa sai da Yumi ta yi mini darasi. Maɓallai ne jere a gefe, wannan na ruwa, wannan na iska mai ɗumi, wannan na ɗumama wurin zama. Butar Hajiya ta rasa aikin yi, sai alwala. Rana ta biyu na danna wani jan maɓalli ina zaton na kora ruwa ne, ashe na kiran agaji ne da aka sa wa tsohuwar saboda shekaru. Kafin in ankara tana bakin ƙofa tana bugawa, ni kuma daga ciki ina ta cewa "ari gado, ari gado", don ita kaɗai ta zo bakina.

Ranar da aka kai ni wurin Farfesa Ishida na tarar da dattijo mai furfura, sa'an mahaifina. Tarbiyya ta motsa, na ɗan durƙusa na gaishe shi. Shi kuma da ya ga na yi ƙasa sai ya rusuna ya fi ni. Na ga ba zai yiwu babba ya fi ni ƙasa ba, na ƙara sauka. Ya ƙara. Da Yumi ba ta shiga tsakani ba, ina jin a kwance za mu ƙarasa gaisuwar.

Daga nan ya zagaya da ni ɗakin binciken. Abubuwan da na shekara ina gani a hoto ga su a gabana ana taɓawa. Akwai wani tebur na ƙarfe da ke zaune a kan iska don kada motsin ƙasa ya girgiza shi, a kusurwa kuma ga wani ƙaton maganaɗisu mai aiki da lantarki, girmansa ya kai injin niƙa. An gargaɗe ni in cire agogo da 'yan kunne, na cire. Abin da na manta shi ne allurar da na maƙale ɗankwalina da ita a ƙarƙashin hijabi. Ina leƙawa kusa da injin sai na ji ana jan kaina a hankali, kamar yaro yana jan gyalen uwarsa. Kafin in kai hannu allurar ta fice ta manne a jikinsa, ɗankwali ya zame ta ciki. Farfesa ya juya baya da sauri yana nazarin bango. Washegari Yumi ta kawo mini 'yan maƙalai na roba a cikin kyakkyawan ƙunshi.

Ɗakin da ake ƙera naɗin wayar tawa kuwa ba a shiga sai an rufe jiki ruf da farar riga, kai da fuska da hannu da ƙafa, ido kaɗai ake bari, don ƙura ɗaya tana iya ɓata aikin mako. Na dubi Farfesa da ɗalibansa maza duk sun zama masu niƙabi. Na ce wa Yumi a nan dai ni ce malamarku. Ita ce ma take tambayata yadda ake yi gilashin ido bai yi hazo ba.

Da aka gama ƙera abin aka miƙo mini shi a cikin ɗan akwati. Zanen da na yi ta fama da shi a Kazaure, wuta ta ɗauke in jira, batir ya mutu in jira, ga shi a tafin hannuna, bai kai ƙwayar gero biyu ba, kwance a kan ɓallin dutsen. Na ɗauki hotonsa na aika wa Nasiru. Ya amsa da cewa, "Ina abin yake? Yatsanki kawai nake gani."

Wani abin dariyar kuma, hasken da ake aiki da shi ba a ganinsa da ido. Na san haka tun a aji, ni ma na koyar da shi, amma zuciyata ta saka ran ganin wani abu yana walƙiya. Sai dai ka tara wani ɗan kati a gabansa ka ga ɗigo ya bayyana. Sauran bayani duk a allon na'ura yake: layi biyu, kore na ƙofar dama, rawaya na ƙofar hagu. In abin yana aiki, kore ya hau rawaya ya sauka, sannan su yi musaya.

Da hannuna na ɗaure dutsen a mazauninsa, na buɗe aljihun tebur na ɗebo noti na ɗaɗɗaure. Muka kunna. Kore ya hau da kyau. Da aka juya sai rawaya ya ɗan ɗaga kai ya tsaya a rabi, kore kuma ya ƙi sauka. Hasken ya rabu biyu, ya ƙi zaɓar ƙofa.

Farfesa ya ce ranar farko ce, a sake gobe. Gobe ta zo haka, jibi ma haka. Muka canza zaren gilashi, muka goge madubai, muka ƙara lantarki har abin ya fara ɗumi. Makonni suka shige. Ba wanda ya ce zanena ne ba daidai ba, su ba sa faɗin irin wannan, amma na lura Farfesa ya fara tambayata ko ina da wani zanen na daban. Nan rawar kaina ta tsaya. Abinci ma ya daina shiga, ga shi dama shinkafa ce ba mai ba yaji, da kifi, da wata miya mai kama da ruwan wanke tukunya, ko da yake daga baya na so ta. Kuma don mai tumatir ya huta: e, suna cin ɗanyen kifi, ni ma na ci, ban mutu ba. Sato ta lura na rame, ba ta da Turanci ni ba ni da yarensu, sai kawai ta riƙa ajiye mini lemo a ɓare a bakin ƙofa.

Abin da ya warware matsalar daga wurin sallah ya fito. Da farko dai a can alƙibla yamma take. Da na gaya wa Nasiru ina sallah ina kallon faɗuwar rana sai ya ce, "Wato kin wuce Makka ke nan, kin baro ta a baya." A wurin aiki an ba ni wani ɗan ɗaki jikin ɗakin bincike, nakan duba alƙibla a waya in shimfiɗa darduma. Wata rana na idar da azahar sai na ga Yumi a bakin ƙofa tana murza hannu.

Ta ce, "In ba rashin ladabi ba ne, ina da tambaya. Jiya taga kika kalla, yau ƙofa, ran nan kuma kabad. Haka addinin yake, kowace rana da inda ake fuskanta?"

Na tsaya ina kallonta, na kalli bangon, sai na tuna abin da ke bayansa. Ƙaton maganaɗisun nan ne. Duk ranar da aka kunna shi sai ya ja allurar nuna alƙibla da ke allon wayata inda ya ga dama, ni kuma in bi. Mai digiri biyu a wannan fanni, ga shi maganaɗisu yana ja mini limanci. Na zauna a kan dardumar na yi dariya har hawaye, Yumi ta taya ni ba ta gama gane dalili ba. Daga baya Nasiru ya tambayo mini malamin unguwarmu, ya ce wanda ya yi iya ƙoƙarinsa wajen neman alƙibla ba shi da laifi, amma in daina sallah a jikin injin.

A ranar dai lokacin cin abinci ne, kowa ya fita, an kashe komai. Muka ɗauki wayar muka shiga ɗakin binciken muna yawo kamar yara, muna kallon allurar tana rawa kusa da wannan ƙarfe da wancan. Da muka zo teburina na kai wayar daf da mazaunin dutsen, don wasa kawai. Allurar ta juya fir ta nuna shi. Na janye, ta koma daidai. Na mayar, ta sake juyawa.

Yumi ta daina dariya. Ta ce, "Ai a kashe yake."

Na ce, "A kashe yake."

Ta sunkuya ta ƙura wa mazaunin ido, sannan ta tambaye ni daga wane aljihu na ɗebo notin. Na nuna mata. Ta dafe baki. Aljihu biyu ne a jere, kowanne da rubutu da yarensu. Na hagu na tagulla ne, wanda maganaɗisu ba ya kamawa, shi ake sawa kusa da dutsen. Na dama na baƙin ƙarfe ne da aka yi wa fenti, kuma zaman da suka yi a ɗakin ya sa su kansu sun zama 'yan ƙananan maganaɗisu. Su na ɗaura. Duk tsawon makonnin nan naɗin wayata yana tura hasken hagu, notin suna riƙe shi a dama.

Ba mu jira kowa ba. Garin sauri noti ɗaya ya faɗi muka bi shi da rarrafe. Muka ɗaura na tagulla, muka sake daidaita hasken da ɗan katin nan, aikin da ya ci mu har la'asar. Farfesa ya shigo ya tsaya a bayanmu. Na yi bismillah na danna.

Kore ya sauka har ƙasa, rawaya ya hau har sama. Na sake dannawa, suka yi musaya. Yumi ta sa na'urar ta riƙa yi da kanta da sauri, sai ga layukan nan biyu suna lugude kamar mata biyu a turmi ɗaya, wannan taɓarya ta hau waccan ta sauka, ba mai karo da wata.

Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. A ƙasar da atishawa take fasa taro, ku kwatanta. Wani ɗalibi ya yi hanyar ƙofa yana zaton ƙararrawar gobara ce. Farfesa ya dafe ƙirji, da aka yi masa bayani sai ya yi dariya har ya cire gilashi yana goge ido. Ya ce laifinsa ne da bai sa an rubuta aljihunan da Turanci ba, na ce nawa ne da ban tambaya ba, muka fara rusuna wa juna, Yumi ta sake raba mu.

Kada in cika baki, abin bai zama cikakke ba. In ya daɗe yana aiki yana ɗaukar zafi, kuma wani kaso na hasken yana ɓacewa a hanya. Ba gobe za a binne shi a ƙarƙashin titin Kazaure ba. Amma ya juya haske bai mayar da shi lantarki ba, da saurin da lissafina ya ce, kuma malamina na Kano da ya ga sakamakon kalma biyu ya rubuto: "Dawo gida."

Kafin in taho na ce sai na yi musu girki. Shinkafarsu mai danƙo ce, kamar don tuwo aka halicce ta, ba ta buƙatar wani dogon tuƙi. Na yi miyar kuɓewa da kifi da daddawar Hajiya a kicin ɗin Sato. Ina fargabar yauƙin zai kore su, ashe su masoya yauƙi ne, kuɓewar ma sun san ta. Matsalar ɗaya ce, sun zo da tsinkayensu na cin abinci. Na bar su suka yi ta kokawa da miyar tana zillewa, sannan na wanke hannu na nuna musu yadda ake yi. Farfesa ya naɗe hannun riga ya yanko loma. Sato ta yi ƙari, ta kuma roƙi ragowar daddawar, na bar mata duka har da butar, don ta ce za ta riƙa ba furanninta ruwa da ita. Ranar da zan taho, a tasha ta riƙe hannuna da nata biyu ta daɗe tana magana. Ban ji ko kalma ba, amma na amsa mata da amin.

Ranar sallama Farfesa ya ba ni wani ɓallin dutsen da ya ɗan tsage a gefe, ba ya shiga gwaji, tare da wasu baƙaƙen ledoji biyu masu tace haske. Ya ce in nuna wa ɗalibaina. Na sayi 'yar tocila mai fitar da jan ɗigo na haɗa.

Bayan na huta gajiya na je Gwiwa gaida mahaifina, Malam Idi, wanda yake kirana Uwani saboda sunan mahaifiyarsa na ci. Bayan la'asar muna zaune a zaure ya ce, "To Uwani, me kika gano?" Maimakon dogon bayani sai na jera kayan a kan kujera 'yar tsugunno, dutsen a tsakanin ledojin biyu, na kunna tocilar, jan ɗigo ya sauka a bangon zauren. Na sa aka ciro maganaɗisu daga lasifikar wata tsohuwar rediyo, na ɗora masa a hannu na ce ya matso da shi kusa da dutsen.

Ya matso da shi, ɗigon ya dushe har ya kusa ɓacewa. Na ce ya juya ɗaya fuskar. Ya juya, ɗigon ya dawo jajir.

Ya dubi hannunsa, ya dubi bangon. Ya ce, "Ban fa taɓa shi ba."

Na ce, "Ba ka taɓa ba, Baba."

Ya sake juyawa, ya sake. Ya ɓoye hannun a cikin babbar riga ya gwada ta bayan yadi, abin ya yi. Sai ya leƙa waje ya kira maƙwabcinsa, maƙwabcin ya kira wani, kafin magariba zauren ya cika da dattawa, Baba yana tsakiya yana yi musu bayanin da ban san inda ya samo shi ba. Da ladan ya kira sallah na fara tattara kayana, sai ya dafe su da tafin hannu.

Ya ce, "Bar su nan tukuna. Jibi Juma'a, akwai mutanen ƙauye da ba su gani ba."

Juma'o'i da yawa sun wuce, ɗalibaina har yanzu jira suke. Don haka duk wanda ya karanta wannan yake ganin na ƙara gishiri, ya hau mota ya je Gwiwa ya tambayi zauren Malam Idi bayan la'asar. Zai ga haske yana bin umarni da idonsa. Sai dai ya tafi da haƙuri, don Baba ba ya ba kowa maganaɗisun ya riƙe.